Maganata a Bakin Hafsa

Laraba, bayan Isha

Sau huɗu na kalli bidiyon nan, har yanzu raina bai yi sanyi ba. Ƙanwata Hafsa ce tsaye a ƙofar ofishin shugaban jami'arsu a Ingila, ɗalibai da malamai a bayanta, suna cewa sai jami'ar ta janye jarinta daga kamfanonin mai. Ana yayyafi, har wani farfesa mai furfura yana riƙe mata lema.

Wa ya koya mata? Ni na zaunar da ita ina mata bayanin abin da ya ƙafar da rijiyar Kaka, tana ta hamma. Yau labarin rijiyar ta ba su, suna ta tafi.

Na Baba ya fi ci min rai. Da na yi wannan maganar cewa ya yi, "Da kuɗin gidan maina kike karatu, rufe min baki." Yau shi ya turo wa dangi bidiyon, wai "Ku ga 'yata."

Ni a nan Guangzhou ko takarda ba na iya mannawa a bangon makaranta, don tsoron bizata. A kasuwar Tianxiu na wuni ina wa wani ɗan kasuwa, Alhaji Sani, tafinta yana cinikin janareta.

Na rubuta mata, "Masha Allah." Ta ce, "Yaya, ke ma ki fara a can mana."

Allah ya yafe min. Da na sake kallo, fata na dinga yi farfesan nan ya janye lemar.