Ƙafar Jif, Kafin Tafiyar Garki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni Alhaji Muntaka na Kiyawa, uban gidan nan, mai shanu a bayan Garki, nake rubuta wannan da hannuna, hankalina cif, ba zazzaɓi ba gigin tsufa. Jiya ma na cinye tuwona na nemi ƙari. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, an sa ranar Asabar za mu ɗuru a tsohuwar jif ɗina mu tafi rugarmu sunan jaririn makiyayinmu, kuma duk wanda ya ji kukan da ƙafar motar nan take yi ya san ba a shigarta ba a bar wasiyya ba. Rabon gado na malamai ne, ba zan shiga ba. Aiki zan raba muku.

Na ɗaya. Abdurrahim, babbana, kai ka gaji bayan motar. Bara da sifirin da ke ɗauke da nauyin bayan ya karye, Sharhabilu bakanike na Dutse ya ce maka biyu-biyu ake canza su kamar takalmi. Ka ce ɗayan ai da sauransa. Aka sa sabo a dama, aka bar gajiyayye a hagu, mota ta karkace kamar saniyar da ta taka ƙaya. Maimakon ka koma gareji, sai ka gano dabara: kullum a zaunar da Kawunku Hussaini a dama, nauyinsa ya daidaita ta. Ranar da mura ta hana shi fita, buhun kanwa aka aza a wurinsa. Ɗana, ɗan'uwana ba kayan gyara ba ne. Ga shi likita ya hana shi tuwon dare ya fara zubewa, motar ta koma gidan jiya. Shokazoba ma ta mutu. Ka danna bayan motar ka saki, sai ka gama alwala tana rawa.

Na biyu. Ziyad, kai da kake tuƙa ta, gabanta naka ne. Wannan ƙwas-ƙwas da take yi duk sanda aka karya kwana, boljoyin ne, ƙarfen da ke riƙe taya a jikin mota. Na lura da maganinka: in ta yi ƙara, ka ƙara rediyo. Bushin, robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafar, ya cinye, ka yanko tsohon tub na taya ka ɗaure. Tayar gaba ta suɗe ta ciki har waya ta leƙo, kana riƙe da sitiyari kamar mai kokawa da bijimi.

Ku ji abin da ke hana ni sukuni. Da damina na ga irin motar nan a hanyar Jahun, ta durƙusa a tsakiyar titi, taya ta naɗe a ƙarƙashinta. Ba gudu suke ba. Wata tsohuwa na zaune a gefen kwalta, ɗankwalinta jage-jage da jini, tana tambayar kowa ina jikanta. Direban yana ta rantsuwa cewa ƙara kawai take ɗan yi. Tun ranar, in tamu ta yi ƙwas, sai in tuna tsohuwar nan.

Na uku. Rigimarku ta isa haka. Abdurrahim ya ce Ziyad ne ya kashe ƙafar da lodin maruƙa da dusa, Ziyad ya ce sifirin ɗin Yaya ne. Yanzu kowa ya ƙi kai ta gyara, don wai wanda ya kai ya amsa laifi. Kuna cin tuwo a kwano ɗaya, ba mai kallon wani. To na ɗauke muku, laifin nawa ne, ni na saye ta. Ku kai ta tare, a hankali, rediyo a kashe.

Na huɗu, shi ne mai nauyin. Rabi'atu matar Abdurrahim cikinta ya tsufa. Ran kasuwa da motar ta faɗa ramin nan na bakin tasha, ta damƙe kujera ta cije leɓe, gumi ya keto mata. Kunya ce, ba ta iya kuka gaban surukai. In an bar kwalta bayan Garki, burjin rugar duk irin ramin nan ne. Ban yafe a sa ta a motar ba, ita da Hajiyarku, sai an gyara.

Na biyar. Bashi ɗaya na sani, na ban haƙuri, Sharhabilu ke binmu. Ku ce masa ya yi gaskiya. Ya ɗaga ta a jak, ya girgiza kowace taya a gabanku, abin da ya ce a canza a canza, hagu da dama, sannan a saita ƙafar. In Asabar ta yi ba a gama ba, ku hau motar haya. Ko ba jif za a raɗa wa jariri suna.

Na shida. Autana Ɗan'inna, yaron kirki, mai natsuwa, hasken gidan nan. A daina cusa shi a but ɗin motar tare da ragon suna. A ba shi gidan gaba, da cinyar kaza, a yafe masa ƙadangaren da ya sa wa Ziyad a takalmi, kuma

To, na san a nan Yaya Ziyad ya gane. Baffa bai taɓa ce mini mai natsuwa ba.

Ni ne, Ɗan'inna. Baffa yana zaure yana jan carbi, bai san an yi ba. Shi ya koya mini rubutu a allo, shi ya sa hannunmu ya yi kama. Na faɗa muku da baki, Yaya Abdurrahim ya ce in bari in girma, Yaya Ziyad ya ce wani sabon shirmen ne, kowa ya yi dariya don kun saba kome nawa wasa ne. Sai na ari bakin da ba ku iya yi wa dariya. Sunan ne kawai na aro. Motar hanyar Jahun ni na gan ta, Anti Rabi'atu ni na ga fuskarta, don ni ne a baya, kunnena a kan tayar.

Ku kai wa Baffa takardar, bulalar na shirya mata. Amma ku karanta masa na huɗu kafin ya aika a kira ni.

Allah Ya ja kwanan Baffa da Hajiya, Ya sauki Anti Rabi'atu lafiya, Ya mayar wa Kawu ƙibarsa don kansa. Ku riƙe zumunci, kada ku rabu har abada. Amma ran Asabar, in ba a gyara ba, don Allah mu rabu mota biyu.