Hawayen Gazali

Litinin, 1 ga Yuli
Sadiyatu ta kawo labarin sabon fim ɗinmu da ta rubuta. Matar gida ce za ta bi sawun ɓarayin shanu, miji ya zauna yana kukan ɗansu. Ni ce matar, kuma ba hawaye ko ɗigo. Ni Ashatu, da duk Sakkwato ba a san ni da komai ba sai kuka! In an ƙwace min shi, me ya rage? Yarinya ta yi karatu ta zo ta ɓata mana sana'a.

Alhamis, 4 ga Yuli
Gazali aka ba miji. Ƙaton mahaucin nan da kullum ɗan daba yake fitowa. Wai murna yake, ya gaji da zare ido. Har ya zo yana rusunawa: "Anti, ki koya man. Mi kika sawa ga ido?" Na nuna masa gwangwanin man zafina, na ce ya lakata da yawa. Ya lakata kuwa. Idon ya yi jawur, majina har gemu. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Asabar, 6 ga Yuli
Muna ɗaukar fim a Dundaye. Gazali ya ƙi shafa man zafin. Ya rungume rigar yaron, ya yi kukan gaske, kafaɗu na rawa. Wai ƙanensa da ya rasu ya tuna. Ya fi ni, abin da ya ƙona min rai ke nan. Na ɗauka da wayata.

Lahadi, 7 ga Yuli
Na sa a intanet, na rubuta: "Amarya ta ƙi tarewa."

Laraba, 10 ga Yuli
Ya bazu. 'Yan keke a Gidan Igwai suna kwaikwayonsa. A mahauta an rataya masa ɗankwali a kan teburin nama. Babansa ya ce ko fim ko gidansa. Sadiyatu ta tare ni: "Ke ma hwa cikin kejin nan kike, Anti." Na ce ta je ta koya wa uwarta.

Juma'a, 12 ga Yuli
Ya bar fim ɗin. Bai zage ni ba. Na so ya zaga.

Talata, 16 ga Yuli
Darakta Lawali ya mayar da labari yadda aka saba: namiji ya ɗauki adda, mace ta yi kuka. Sadiyatu ta tattara takardunta ta tafi. Na samu abina.
Aka miƙo min rigar yaron. Har yanzu tana ƙanshin turaren Gazali. Ɗauka ɗaya aka yi, Lawali yana ta tafi: "Wanga man naki na da kyau!"
Gwangwanin yana gida, kan taga. Ban gaya masa ba.