Sale Ya Zare Ƙwan Fitila

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Mu nan Daura lafiya lau, sai takaicin abokinka Sale bakanike.

Fitilar gargaɗi ta kama a tsohuwar motar Baba, aka ce sensar salansa mai auna hayaƙi ce ta lalace. Sale ya ce ya gyara, ashe ƙwan fitilar kawai ya zare! Na ɗauko Inna daga Baure zuwa asibiti, motar ta dinga aman baƙin hayaƙi har ta mace, Inna tana ta tari cikin rana. Da na koma masa, ko kunya babu, wai, "Ba fitilar ce ta dame ka ba?"

Ka gaida yara. Ka sa Inna a addu'a, shi ma Salen ka sa shi, kafin mu sake haɗuwa.

Ƙaninka,
Musa