Awon Ƙafar Bappa

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Na yi ɓarna yau, kuma tun la'asar nake jin daɗinta. Suwaitar Inna ta gwanjo, mai ruwan ƙasa, warin hayaƙin kifi ya kama ta, sai na jiƙa ta a tafasasshen ruwa da sabulu na yi ta cuɗa. Da na ɗago ta tsuke, ko ɗan yaye ba za ta shiga ba. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Amma yadin ya zama wani abu dabam, ga kauri ga laushi. Na sa almakashi na yanki gefe, ko zare ɗaya bai warware ba. Na kasa ajiye shi.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Malama Miracle, mai koyarwa a firamare da ke haya a maƙwabtanmu, ta gani ta yi ta dariya. Ta ce ai sana'a ce na faɗa ciki ban sani ba. Ta nuna mini a waya: matan ƙasashen sanyi da gangan suke cure ulu haka, su yi takalman cikin gida, su yi abin naɗe wuya. Sau huɗu na sa ta maimaita mini.

Ina kallo Bappa ya faɗo mini a rai. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar ɗan'uwansa, Babanmu, yanzu yana can tungarsu ta masunta a tsallaken ruwa, wajen Shanga, ciwon suga ya kama shi. Silifan roba ya ci masa tsakanin yatsu, wata biyu ke nan mikin bai warke ba. A asibiti sun ce ya nemi takalmi mai laushi, ya daina yawo ƙafa a ƙasa, in ba haka ba maganar yankewa za a yi. Shi kuwa ya jefar da silifan yana takawa haka nan.

Zan yi masa takalmi. Na rubuta ne don kada in fasa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kasuwa. Ashe ba kowace suwaita ce ulu ba. Malama ta koya mini dabara: a zari zare ɗaya a kyasta masa ashana. In ya yi ƙaurin babbaka, ulu ne. In ya narke kamar leda, a bar shi. Mai gwanjo ya tambaye ni ko saye na zo yi ko gobara. Na samu uku, shuɗiya, toka-toka, da wata ja mai ɓula a gwiwar hannu. Da sauri-sauri na dawo gida kamar ana kora ta.

Talata, 12 ga Nuwamba

Hannuna ya yi jawur saboda ruwan zafi, sai na zuba shuɗiyar a turmi na bi ta da taɓarya. Ya fi sauri nesa ba kusa ba. Maƙwabta sun ɗauka fura nake kirɓawa.

Takalman farko sun fito a karkace. Inna ta ɗaga su ta ce kamar tarwaɗa biyu da suka kwana a rana. Duk da haka ta zura ƙafa, kuma har yanzu ba ta cire ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Ya yi! Na mai da ɗinkin waje don kada komai ya gogi mikin, baduku ya sa mini tafin fata a ƙasa. Na kai wa Malam Yusuf mai jirgin ruwa saƙon ya kai wa Bappa. Daga gindin mangwaron da ke saman kwata, inda jirage ke tsayawa, na tsaya na kira shi, shi ya hauro. Ya ce, “Zakiyya, da kin taho kin kai mishi da hannunki.” Na ce aiki ya yi mini yawa.

Ya san ba aiki ba ne. Yau shekara biyu da wata uku da jirginmu ya kife muna dawowa daga cin kasuwa. Jarkar manja na rungume. Matar da muke hira da ita sai a kwana na uku aka gan ta. Tun ranar ban wuce mangwaron nan ba.

Ba zan ɓata murnar yau da wannan ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

An dawo da shi. Na hagu bai shiga ba, ƙafar ta kumbura.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na kira Gwaggo Kande, ƙanwar Bappa da ke kula da shi, na ce ta auna mini. Ta aiko tsinken tsintsiya biyu, wai dogon na tsawo, gajeren na faɗi. Allah Sarki Gwaggo.

Kafin toka-tokar ta bushe na haɗa hannayen ja da shuɗiya na yi wa Malama abin wuya. Ta tafi da shi makaranta, malamai biyu sun aiko suna so. Ni fa? Ni da bandar kifi kaɗai na iya.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Wanda na sake aikawa ma ya dawo. Tsawo daidai, amma kumburin a saman ƙafa yake, tsinke ba zai nuna wannan ba. Gwaggo ta ce mikin ya fara ruwa. Ina jin muryar Bappa daga nesa yana cewa, “Hwaɗa mata ta bar wahal da kanta, mi zan yi da takalmin tsumma?”

Na zauna da takalmin a cinya. Inna tana juya kifi a kan banda, ba ta ko kalle ni ba ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an auna ƙafa ta waya ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Ban yi komai ba. Na wanke tukwanen da na riga na wanke.

Talata, 26 ga Nuwamba, tungar su Bappa

Ina nan. Ina tsallake. Na haye ruwan.

Malama ta raka ni har cikin kwata kafin ta wuce makaranta, riƙe da jakar kayan aikina. Daga mangwaro zuwa bakin ruwa taku arba'in da ɗaya ne, na ƙirga. Malam Yusuf ya miƙo mini rigar kariya daga nitsewa, ya tashi wani mai buhun masara ya ba ni tsakiyar jirgi. Inji ya tashi. Na cusa fuska a cikin ulun, warin sabulu kawai nake shaƙa, ina ta salati. Wata tsohuwa ta dafa bayana har muka iso, ko sunanta ban tambaya ba.

Bappa yana kan tabarma a ƙofar gida yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Ya ɗago, ya daɗe yana kallona, sannan ya kalli ruwa ya sake kallona.

“Ke da wa kunka taho?”

Na ce ni kaɗai.

“Don takalmi?”

Na ce don ƙafa. Sai ya ajiye komar ya miƙo ta, shi da Gwaggo ta ce ko ita ba ya bari ta taɓa. Ta yi muni fiye da yadda aka gaya mini. Na ɗora ta a kwali na zagaye da biro, na auna kumburin da zare wuri uku. Duk tsawon lokacin fuskarsa tana gefe, wai hayaƙin banda ke shigar masa ido. Ba a ma hura wuta ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Na gano dabarar: a bar saman a buɗe, a yi masa marufi mai igiya, in kumburi ya sauka a ƙara ɗaurewa. Kwana biyu ina yi, matan tunga sun zagaye ni suna taɓa yadin, ba su yarda suwaita ba ce sai da na nuna musu wuyan rigar.

Ya shiga. Bappa ya taka zuwa bakin rumfa ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Abin da ya ce kawai, toka-toka launin tsofaffi ne, na gaba a yi masa ja.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Da shi ya je masallaci, ya ƙi barinsa a ƙofa, a aljihun babbar riga ya sa. Gobe zan koma gida.

Talata, 10 ga Disamba

Gwaggo ta kira daga asibiti. Sun ce mikin ya fara bushewa, a ci gaba da magani da wanki, kuma ma'aikaciyar ta juya takalmin tana tambayar inda aka saya. Na yi ta zagaya tsakar gida da waya a hannu har Inna ta ce in zauna ina sa ta jiri.

Tsofaffi uku a tunga suna so. Na ce kada wanda ya aiko mini tsinke.

Asabar, 14 ga Disamba

Na je na auno su na dawo. Dole ce ta sa, aiki ne, ba wani abu ba. Tsakiyar jirgi ta cika, na zauna gefe don kada a danne mini kwalayen awo.

Malam Yusuf yana ta baza wa mutanen kwata wai barci na yi a hanyar dawowa, har sai da ya buga gefen jirgi kafin na farka. Ba haka ba ne. Rana ce ta dame ni na rufe ido.

Amma ban tuna lokacin da muka wuce tsibiri ba.

Ranar Laraba akwai wata tsohuwa a wajen Ngaski, an ce ƙafarta irin ta Bappa ce. Kada ita ma ta ce launin tsofaffi ne, sai na nemi jan ulu.