Tafin da Muka Yi wa Umma

Daren Alhamis, Levenshulme, Ingila

Yanzu na dawo daga asibiti, na baro Umma can.

Tun ina yarinya a Kano nake ganin mahaifiyata tana suman wasa a dandamali da cikin fim. Da suman aka san ta. Ranar Asabar za ta yi wasa a taron mata a Birmingham, shi ya sa duk makon nan take gwaji a falo.

Da la'asar ta dafe ƙirji, ta sulale gefen kujera. Yarana suka hau tafi. Ni ma na yi dariya, na ce, "Umma, tashi haka nan, shayinki zai huce."

Sai na ga ɗankwalinta ya zame, furfura a waje. Duk faɗuwar da take yi a wasa, hannunta ɗaya na kan ɗankwali. Ban san lokacin da na kira motar asibiti ba.

Likita ya ce zuciya ce, sai mun ga safiya. Da ta farfaɗo ta kamo hannuna, ta ce, "Na ji tafinku, Bilki."

Ya Allah, kada ya zama na ƙarshe.