Ƙarfen Ƙafar Yaya Tokuji

Litinin, 3 ga Yuni

Gawa huɗu muka ƙona yau. Ta ukun ce ta ɓata min rai, ba shi mamacin ba, matarsa. Na yi aikina kamar kullum: wuta ta mutu, na jawo farantin da ake ɗora gawa daga tanderu, na bi shi da maganaɗisu na kwashe kusoshin akwati, na sa awartaki na tsince ƙarafan da likitoci ke dasa wa mutane a jiki, na watsa a bokiti, sannan aka kira dangi su tsinci ƙasusuwa su zuba a tulu, kamar yadda al'adarmu take. Sai tsohuwar nan ta ce wai ina ƙarfen ƙugun mijinta, shekara goma sha biyu yana tafiya da shi. Na faɗa mata abin da na shekara talatin da ɗaya ina faɗa: "Iya, ƙarfe ba mutum ba ne. Ƙashi naku, ƙarfe na bokiti." Ni ma raina bai so ba, amma in na fara haka ina zan tsaya?

Da yamma na biya asibiti duba Yaya Tokuji. Ya rame sosai, bakin ne kawai bai rame ba. Yana ganina ya ce, "Ga mai gasa mutane ya zo duba kaya! Gen, in na zo hannunka ka rage wuta, ka san ba na son abu ya ƙone." Matarsa Mineko ta daka masa tsawa. Ya shafa ƙafarsa ta hagu ya ce gobe akwai ruwa. Sama kuwa tas, ko ɗigon gajimare babu.

Talata, 4 ga Yuni

An yini ana ruwa. Ɗan banza, bai taɓa kuskure ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Ban je asibiti ba. Na bi ta tsohuwar hanyar gonakin shinkafa, ban san dalili ba. An zuba kwalta, an sare bishiyar da ke kan kwanar, amma ramin ruwan yana nan.

A lokacin ina da shekara sha bakwai, Yaya sha tara. Duk gundumar nan babu mai kamo shi a gudu. Ranar tsere Baba kan rufe shagon awara mu tafi kallo, Inna ta ƙunsa mana curin shinkafa. Ni na sace makullin babur ɗin Baba, ni na ce ya hau baya in nuna masa na iya. Ni na shiga kwanar nan da gudu, muka faɗa ramin ruwan. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, shi ƙafa ta karye gida uku. Yana kwance cikin taɓo ya ce, "Ka rufe bakinka, ni ke tuƙi. Baba zai kashe ka, ni kuwa ya riga ya ga na karye."

Na rufe bakin. Shekara arba'in da biyar ke nan. Aka sa masa ƙarfe, gudu ya ƙare, ya gaji shagon awara yana ɗingishi. Mineko tun aurensu take masa gori: "Da ba ka yi ganganci ba da yanzu hotonka na bangon makaranta." Sai ya yi dariya ya kalle ni. Wannan kallon ya sa na rage zuwa gidansu.

Juma'a, 7 ga Yuni

Yaya ya rasu da hantsi.

Asabar, 8 ga Yuni

Hisae mai shirya gawa ce ta zo shirya shi. Ajinmu ɗaya da ita a firamare, yanzu rabin gawarwakin da ke zuwa min ta hannunta suke biyowa. Likita ya riga ya cire batirin da aka dasa masa don bugun zuciya ya ɗinke wurin, don tanderunmu tsoho ne, in batiri ya fashe a ciki har gilashin leƙe yakan tsage. Ta goge shi da ruwan ɗumi, ta yi masa aski, ta sa masa farar riga. Mineko ta so a sa masa tabarau a akwati, Hisae ta ce a'a, gilashi na narkewa ya manne wa ƙashi. Aka sa masa awara guda a takarda.

Ni dai lissafina ɗaya: ranar Litinin in shiga baya kafin kowa, in tsince ƙarfen nan da hannuna, in jefa bokiti, magana ta mutu.

Sai Hisae ta miƙo min takardar da dangi ke cikewa, mai tambayar ko akwai batiri ko ƙarfe a jikin mamaci. Tana ƙunshe dariya. Ashe shi ya cike abarsa tun yana asibiti, da wannan rubutun nasa mai kama da tafiyar kaza. "Batiri: akwai, a cire. Ƙarfe a ƙafar hagu: na Gen ne, a mayar masa."

Mineko ta karanta ta kafaɗata. "Naka kuma? Kai ka saya masa?"

Na ce raha ce irin tasa. A raina na ce, kai, Genzo, ka ji kunya!

Lahadi, 9 ga Yuni

Tsokana ce ko yafiya? Na juya takardar nan ya fi sau ashirin. Shi dai ya tafi ya bar ni da ita.

Litinin, 10 ga Yuni

Onodera, abokin aikina, ya tare ni a ƙofar baya. "Yau kai dangi ne, malam. Koma can ka sha shayi kamar kowa." Na yi masa masifa, ko gezau. Minti saba'in na zauna a ɗakin jira. Ban taɓa sanin kujerun nan suna da tauri haka ba.

Da aka kira mu, ga Yaya fari tas a kan faranti. Wuta daidai, Onodera ya iya aiki, ba zan faɗa masa ba. Kuma mugun bai cire ƙarfen ba, ya bar shi a wurinsa, kan ƙashin ƙauri. Ɗan siriri, bai wuce tsawon tafin hannuna ba, da kusoshi shida, ya yi baƙi. Na ɗauka zai fi haka girma.

Daga ƙafa ake farawa a ƙare a kai, don mutum ya tsaya daidai a cikin tulunsa, kuma mutum biyu ke ɗaukar ƙashi ɗaya da dogayen tsinkaye irin na cin abinci. Ba su haihu ba, don haka ni da Mineko ne a gaba. Ta riƙe tsinkenta, na riƙe nawa, amma ban ɗauka ba.

Na ce, "Yaya Mineko, ni ke tuƙa babur ɗin."

Ta daɗe tana kallon ƙafar. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Shekara arba'in ina masa gori, kana zaune kana cin awarata." Na ce haka ne. Ta share ido da bayan hannu. "Ɗauki mana! Ni kaɗai zan ɗaga shi?"

Muka ɗaga tare. Ba ta sake kallona ba har aka rufe tulun. Onodera ya naɗe ƙarfen a farin ƙyalle ya tura min a aljihu, da sauran ɗuminsa.

Alhamis, 20 ga Yuni

Mineko ba ta ɗaga waya. Tana da gaskiya.

Juma'a, 28 ga Yuni

Na tarar da kwanon awara a bakin ƙofa, da 'yar takarda da rubutun Mineko: "Ka dawo min da kwanona da kanka." Ta yi laushi da yawa, hannun Yaya ne ya san gwargwado. Na cinye duka.

Motar masu kwasar ƙarfe sai gobe za ta zo. Na zazzage bokiti don in wanke shi, dama ya yi datti. Ƙarfen ƙugu uku ne a ciki, na gane na mijin tsohuwar nan ta farkon wata, shi ne mafi girma. Na goge shi na kira ta. Ba wai na canza ra'ayi ba ne, bokitin ne ya cika.

Ƙarfen Yaya yana kan taga, kusa da hoton su Baba, don ban sami wani wurin ajiye shi ba. Da safe na taɓa shi na ji ya yi danshi, sai na ɗauki laima. Ƙarfe ne kawai, kowane ƙarfe haka yake yi da damina. Da ruwan ya sauko da azahar dai na ji bakina ya ce, "To, Yaya, na ji. Yau ma ka canka."