Ruwan Da Ya Koma Shuɗi

Maman 'Yan Biyu,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya hannun Inna, kumburin ya lafa kuwa?

Kin ce kin gaji da jin "aiki na tafiya". To ga aikin. A jikin mutum akwai wani furotin mai kula da ɗan jan ƙarfen da muke samu a abinci, shi ne kuma ke hura wutar kumburi. Ni nawa in haɗa sinadarin da zai ɗaure masa hannu. Na haɗa, na zuba wa ƙwayoyin halitta, kumburi ya kwanta. Farfesa ya ce in sakamakon ya tabbata zai sa hannu a takardar kammala karatuna, in dawo gida ƙarshen shekara. Har na saya wa yara takalma.

Sai dai akwai mai taɓa min kaya. Ruwan kwalbata yana raguwa a firji, kuma jiya na tsinci wata ƙarama a bayanta, ba suna, da ruwa shuɗi a ciki. Nawa fari ne tas. Dogo nake zargi, abokin teburina. Mutumin da gaisuwa ma sai an ja ta daga bakinsa, yanzu har shayi yake kawo min. Ban gan shi da idona ba, don haka na kama bakina. Shayin dai ba na sha.

Ki gaida Inna.
Mijinki, Baban 'Yan Biyu

Maman 'Yan Biyu,

Ina gaishe ki, da fatan tarin Auta ya tafi.

Dogon ne. Shi da kansa ya ja ni gefe, ya ɗiga ruwan jan ƙarfe a cikin sinadarina, a gabana ya koma shuɗi. Ashe sinadarin nawa ko kusa da furotin ɗin bai taɓa zuwa ba, jan ƙarfen kawai yake kwashewa, shuɗin nan shi ne shaida. Ƙwayoyin ba warkewa suka yi ba, yunwar jan ƙarfe ce ta rufe musu baki.

Gaskiyarsa ce, na maimaita da hannuna na gani. Ya ce bai faɗa wa kowa ba, ba zai faɗa ba, in karɓi takardata in tafi abina. Wannan ne ya tsaya min a rai. Ban san ko tausayi ba ne, ko igiya yake saka min a wuya, ya riƙe bakinta sai ranar da ya ga dama. Me ya hana shi magana tun farko? Wataƙila ina ɗaukar alhakinsa. Allah ya sani.

Na tuna hannun Inna. Abin da ba zan ba ta ba, ba zan kira shi magani ba. Da safe na kai wa Farfesa kwalbar, na kuma ce Dogo ne ya gano, don nasa ne. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a faro daga tushe.

Kada ki gyara ɗakin tukuna. Takalman zan aiko, kafin in zo sun yi musu kaɗan.

Ki yi haƙuri da ni.
Mijinki, Baban 'Yan Biyu